Sanwicin cuku da niƙaƙƙen nama: me ya sa burodi ke ƙonewa cuku bai narke ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Yarana sun ga gasasshen sanwicin cuku mai niƙaƙƙen nama a bidiyo, suka matsa sai na yi musu. Da na gwada, burodin ya ƙone ta waje, cukun bai narke ba, naman yana ta zubewa a faranti, ga maiƙo ya jiƙa burodin sharkaf. A ina na kuskure? Kuma zan iya amfani da cukunmu na Fulani, tunda na kanti ya yi tsada?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Girki sana'ata ce, kuma na daɗe ina koya wa mata da matasa aikin kicin, don haka abubuwan nan huɗu da kika lissafa ba baƙi ba ne a wurina. Kusan dukkansu daga wuta suka taso. Wannan abinci aiki biyu ne aka haɗa wuri guda, kowanne da irin wutar da yake so. Nama yana son wuta mai ƙarfi da kasko a buɗe. Burodi da cuku kuwa wuta can ƙasa suke so, da murfi na ɗan lokaci. Duk wanda ya yi su a kan wuta iri ɗaya, ko ya bar naman sai a cikin burodi zai ƙarasa dahuwa, to dole ɗayansu ya ɓaci. Bidiyo ba ya nuna wannan, domin ana yanke mintunan jira, sai kawai a nuno miki cuku yana ja.

Abincin na Amurkawa ne, kuma sanin yadda ya samo asali zai taimake ki wajen sayayya. A 1916 wani ɗan kasuwa mai suna James L. Kraft ya yi rajistar hanyar sarrafa cuku ta yadda zai daɗe bai lalace ba. A 1928 kuma aka fara sayar da burodin da inji ya yanka a garin Chillicothe na jihar Missouri, da injin da Otto Rohwedder ya ƙera. Da waɗannan biyun suka haɗu, sai burodi da narkakken cuku ya zama abincin mai ƙaramin ƙarfi, musamman a shekarun 1930 da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Ƙara nama daga baya ya zo. A ƙananan gidajen abincinsu ana lailaya niƙaƙƙen naman a yi shi fale-fale, a soya, a sa shi tsakanin burodi da cuku da soyayyar albasa. A ƙananan kantunan unguwannin Harlem da Bronx na birnin New York, waɗanda 'yan asalin Yaman ke riƙe da da yawa daga cikinsu, daddatsa naman ake yi a kan faffaɗan ƙarfen suya tare da albasa, a narka cukun a cikinsa. Abin lura a nan shi ne tun farko an gina abincin ne a kan cuku mai saurin narkewa da burodi mai kauri daidai. Idan ɗayansu ya canza, sai an gyara hannu.

Mu fara da nama, don nan ne aikin ya fi yawa.

Don sanwici huɗu, giram 400 na naman sa ya isa, wato ƙasa da rabin kilo kaɗan. Idan ya soyu zai ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Abin da za ki kula da shi shi ne kitse. Amurkawa sukan sayi niƙaƙƙen naman da kashi 80 cikin 100 tsoka ce, kashi 20 kitse, kuma wannan awon ne ke sa naman ya yi taushi. Shanunmu, irin su Bunaji da Rahaji, dabbobin kiwo ne masu doguwar tafiya, tsokarsu ba ta tara kitse sosai. Idan kika niƙa zallar tsoka, za ki samu nama busasshe mai warwatsewa, kuma wannan na cikin dalilan da naki yake zubewa. Ki ce wa mahauci ya yanko miki daga kafaɗa ko wuya, ya ƙara miki tozo ko kitse gwargwadon kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma cire jijiya. Ni tozo na fi so, domin kitsensa a cikin tsoka yake, ba ya narkewa gaba ɗaya ya bar naman.

Idan za ki wanke naman, tun yana gunduwa-gunduwa za ki wanke, ki bar shi ya tsane sosai, har ki goge shi da tsumma mai tsabta. Niƙaƙƙen nama ba a wanke shi. Wajen niƙa, in mahaucin yana da injin niƙa nama mai tsabta, shi ke nan. Amma kada ki kai injin markaɗen kayan miya, don da ruwa yake aiki, zai mayar miki da naman ƙullu. A gida za ki iya yanka shi ƙanana, ki sa a firiza na minti 20 zuwa 30 ya ɗan ƙame, sannan ki zuba kaɗan-kaɗan a bilenda kina kunnawa kina kashewa. In babu wuta, wuƙa mai kaifi da katako sun wadatar: ki yi ta daddatsawa kamar za ki yi samosa. Wanda aka daddatsa da wuƙa ma ya fi daɗin tauna.

Sai abin da hannunmu ya saba da shi, wato tafasa nama kafin a soya. A nan ki bar wannan. Tafasa tana kwashe ɗanɗanon naman ta zuba a romo, kuma naman da ya dahu a ruwa ba ya ƙara yin ƙamshin suya yadda ake so. Ɗanye za ki zuba shi a kasko.

Amma albasa ce za ta riga shi. Ki yanka babba guda ɗaya siri-siri, ki sa mai cokali ɗaya da ɗan gishiri, ki bar ta a kan matsakaiciyar wuta kina juyawa jefi-jefi. A minti 15 zuwa 20 za ta yi laushi ta fara ja, zaƙinta ya fito. In kina da lokaci ki rage wuta ki kai ta minti 40, za ta koma ruwan ƙasa ta yi zaƙi sosai. Ki kwashe ta gefe. Dalilin raba ta da nama shi ne ruwan da take fitarwa.

Yanzu ki ƙara wuta, ki bar kaskon ya yi zafi sosai, ki sa mai cokali ɗaya, ki baza naman ya rufe ƙasan kaskon, sannan ki ɗauke hannunki. Minti uku kada ki taɓa shi. Na san da wuya, domin mai girki ba ta son ganin abu a wuta ba ta juya ba, amma a mintunan nan ne ƙasan naman ke yin jan nan mai ƙamshi irin na gasashshen nama. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin wannan a 1912: idan zafi ya kai wajen digiri 140 na ma'aunin Salshiyos ko fiye, sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke cikin abinci suna haɗuwa su ba da launi da ƙamshi. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin akwai shi kwance a kasko, zafin ba zai wuce nan ba. Shi ya sa idan kika cika ƙaramin kasko da nama, ko kika yi ta juyawa tun farko, sai ruwa ya fito ya taru, naman ya dahu fari fat maimakon ya soyu. In kaskonki ƙarami ne, ki raba naman gida biyu ki soya bi da bi. In kuma ruwan ya riga ya fito, kada ki zubar, ki bar wutar da ƙarfinta har ya ƙone, suyar za ta fara daga nan.

Bayan ƙasan ya yi ja, ki juya, ki farfasa shi da cokalin katako har ya zama ƙanana, kada ki bar manyan curi. Ki karkata kaskon ki tsiyaye man da ya fito, ki bar kamar cokali ɗaya kawai. Wannan man da ba a tsiyaye ba shi ne ya jiƙa miki burodi. Kada ki zuba shi a wurin wanke-wanke, yana daskarewa ya toshe bututu; ki adana shi a ƙaramin kwano, yana da daɗi a suyar ƙwai ko dankali.

Sannan kayan ƙamshi: tafarnuwa ƙwaya biyu a daka, masoro kaɗan, attaruhu rabi ko ƙasa da haka tunda yara ne za su ci, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki yi hankali da dunƙule, domin cuku da kansa gishiri gare shi, musamman na leda mai yanka-yanka. Guda ɗaya ya isa, wani lokacin ma ba a buƙata. Yajin ƙuli ƙaramin cokali ɗaya yana shiga da wannan naman ƙwarai, kuma na fi son sa a kan kori da tayim, waɗanda ke danne ɗanɗanon cuku. Ki ƙara tumatirin gwangwani cokali ɗaya, ki soya shi minti ɗaya tare da naman har tsaminsa ya mutu, ki yayyafa ruwa cokali uku don ya kankaro abin da ya kama a ƙasan kasko, ki mayar da albasar, ki bar shi ya tsotse. Ga yadda za ki gane ya yi: ki ja cokali ta tsakiyar kaskon. In hanyar ta tsaya a bushe, ya yi. In ruwa ko mai ya gangaro ya rufe ta, da saura.

A nan akwai maganar lafiya da ba na so ki ɗauka da wasa. Gunduwar nama, ƙwayoyin cuta a bayanta suke, wuta na taɓa ta sun mutu. Amma idan aka niƙa, an cuɗa na wajen da na cikin, ko'ina suna iya kasancewa. Shi ya sa hukumar aikin gona ta Amurka ta ce a dafa niƙaƙƙen naman sa har cikinsa ya kai digiri 71. Ba su faɗi haka a banza ba: a 1993 niƙaƙƙen naman da bai dahu sosai ba a wasu gidajen abinci na ƙasar ya jawo wa mutum fiye da 700 rashin lafiya sakamakon ƙwayar cutar da ake kira E. coli, yara huɗu suka rasu. Yara ƙanana su suka fi shiga haɗari da wannan ƙwayar, don tana iya taɓa ƙoda. Zafin da ke ratsa burodi bai isa ya dafa nama ba, narka cuku kawai yake yi. Don haka naman ya dahu sarai tun a kasko, babu sauran ja ko kaɗan, yana turiri. Katako da wuƙar da suka taɓa ɗanyen nama kuma a wanke su da sabulu kafin su taɓa burodi ko cuku.

Sai tambayarki ta biyu. Cukun Fulani, wanda wasu ke kira wara, a Gana da Benin kuma wagashi, ba ya narkewa, komai daɗewarsa a wuta. Da ruwan tumfafiya ake tsinka madarar a kan wuta, a dafa ta, don haka sinadarin gina jikin da ke cikinsa ya riga ya ƙulle. In kika mayar da shi wuta sai dai ya soyu ya yi ja, yana nan da siffarsa, kamar yadda cukun Indiyawa da ake sawa a miya yake yi. Busasshen cukun Nijar, mai faɗi da ake ci da shayi ko a daka a fura, shi ma haka, ya ma fi nisa da narkewa saboda babu ruwa a jikinsa. To amma wannan bai hana ki amfana da shi ba. Ki soya cukun Fulanin sama-sama, ki marmasa shi a cikin naman. Zai ƙara auki da ɗanɗanon madara, sai ki rage na kanti zuwa rabi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a cire mai narkewar gaba ɗaya, domin shi ne simintin da ke riƙe wannan gini. In babu shi, burodi da nama kawai kika yi, kuma zai zube.

Na kanti kuma kowanne da halinsa. Mozarela ita ce mai jan nan da yara suka gani a bidiyo, tana fara narkewa tun wajen digiri 55, sai dai ɗanɗanonta salam yake. Cheda tana da ɗanɗano mai ƙarfi, tana narkewa wajen digiri 65, amma wadda ta daɗe a ajiye takan tsatso mai idan zafi ya yi mata yawa, don haka ki nemi sabuwa mai laushi. Gauda ma tana narkewa da kyau. Famesan, mai tauri da ake barbaɗawa a taliya, sai ya haura digiri 80, bai dace da wannan aikin ba. Sai mai yanka-yanka da ke zuwa kowanne a ledarsa. Wasu masu girki suna raina shi, ni kuwa ba na raina shi a wannan abincin, domin an sa masa wasu gishirai da ke hana mai rabuwa da sauran jikinsa, shi ya sa yake narkewa sumul ba tare da ya tsinke ba. Ga mai koyo babu kamarsa. Sai dai ki karanta bayan ledar: akwai waɗanda man itatuwa da sitaci suka fi madara yawa a cikinsu, irin waɗannan sukan yi laushi kawai su ƙi narkewa. Mai kusurwa uku da ake shafawa a burodi, irin La Vache qui rit da ya yawaita a Nijar da Kamaru da Chadi, ba ya ja, amma idan aka cuɗa shi da nama mai ɗumi yana riƙe shi sosai, kuma ya fi sauƙin samu.

In za ki bi shawarata, ki haɗa mozarela da cheda rabi da rabi, giram 50 zuwa 60 ga kowane sanwici, wato kusan giram 220 ga guda huɗu. In mai yanka-yanka ne, biyu ko uku ga kowanne. Ki sayi dunƙulalle ki goga da kanki da abin goga kuɓewa, ta gefen manyan huji. Wanda aka riga aka goga a leda ana barbaɗa masa sitaci don kada ya manne, wannan kuwa yana rage masa narkewa. Ki goga shi da sanyinsa don ya fi sauƙi, sannan ki bar shi a waje minti 15 ya huce. Cukun da aka ciro daga firij kai tsaye aka ɗora yanka mai kauri a burodi, kafin zafi ya kai tsakiyarsa burodin ya ƙone. Ina kyautata zaton abin da ya same ki ke nan.

Wani abu a gefe, tunda ana yawan tambayata: yawancin cukun Turawa da wani sinadari mai suna renet ake tsinka madararsu, wani daga cikin ɗan maraƙi ake samo shi, wani kuma ba daga dabba ba. Malamai sun yi saɓani a kan na dabbar da ba a yanka ba. Mai son kauce wa shakka sai ta duba tambarin halal a jikin ledar, ko inda aka rubuta cewa ya dace da waɗanda ba sa cin nama.

Burodi ba shi da dogon bayani, amma akwai abu biyu. Na farko, burodinmu na Najeriya sukari gare shi fiye da wanda aka saba yin wannan sanwicin da shi, sukari kuwa saurin ƙonewa yake yi. Ki nemi mai ƙarancin zaƙi, in ba ki samu ba ki ƙara rage wuta. Na biyu, sabon burodi mai taushi lotsewa yake yi a ƙarƙashin nama. Wanda ya kwana ɗaya ya fi, a yanka shi da kaurin yatsa, kamar santimita ɗaya da rabi. In ya fi haka zafi ba zai ratsa ba, in bai kai ba zai yage. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da ke da dogon burodin Faransa, sai a tsaga shi, a ɗan rage cikinsa, a danne shi sosai a kasko.

Abin shafawa a waje: bota mai laushi, a shafa ta siriri har bakin burodin, domin duk inda ba ta kai ba fari zai fito ko ya ƙone. Bota tana da daɗi amma burbushin madarar da ke cikinta yana saurin baƙi. Mayonis ya fi ta jure zafi, ya fi sauƙin shafawa, kuma yana ba da ja mai kyau; ƙaramin cokali ɗaya ga kowane yanka. Soyayyen man shanu ya fi su duka jure wuta tunda an riga an cire masa ruwa da burbushin madara, sai dai ƙamshinsa da ƙarfi, kaɗan ake sawa. Majarin irin Blue Band ma yana yi, ko da yake ruwan da ke cikinsa yakan rage ƙamas-ƙamas ɗin burodin. Abin da ba na so shi ne a tsiyaya mai a kasko a jefa burodi ciki, shanyewa zai yi.

Haɗawa kuma, ga dabarar da za ta hana naman zubewa. Ki sauke naman, ki bar shi minti biyu ko uku, sannan ki ɗebi kashi ɗaya cikin uku na gogaggen cukun ki cuɗa a ciki tun da ɗuminsa. Za ki ga ya kama jikinsa. Ki ɗora yankan burodin a busasshen kasko, gefen da zai zama ciki, na minti ɗaya, don ya ɗan ƙame ya daina shan maiƙo. Sai ki jera: burodi, cuku, nama, cuku, burodi. Cuku sama da ƙasa, ko da kaɗan ne, saboda kowane yanka ya samu abin da zai manne da shi. Naman kada ya wuce babban cokali uku ko huɗu, a baje shi daidai, a bar faɗin yatsa a gefe-gefe. Son cika nama shi ke raba sanwici biyu a wajen juyawa. Kuma naman ya kasance da ɗumi, domin ɗuminsa yana narka cukun daga ciki yayin da kasko ke aiki daga waje. In tun jiya kika soya, ki ɗumama shi tukuna.

Ki goge kaskon tas, ko ki ɗauko wani. Mai kauri ya fi, domin siririn kasko yana tara zafi a tsakiya ya ƙona wuri guda. A gas, ki kai wutar kusa da ƙarshenta ta ƙasa. A gawayi, ki jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi toka a sama, in ya yi yawa ki janye wani gefe. Kunnenki zai gaya miki: idan kika ɗora sanwicin, ƙara 'yar siririya za ki ji. In ya yi cuuu da ƙarfi ko hayaƙi ya tashi, ɗaga kaskon ki bar shi ya huce. Ki rufe da murfi minti biyu na farko don zafi ya kewaye cukun, sannan ki buɗe, in ba haka ba tururi zai sa burodin ya yi laushi. Gefen farko yakan ɗauki minti uku zuwa huɗu. Ki ɗaga kusurwa ki leƙa. In ya yi ja kamar zuma, ki sa faffaɗan cokali a ƙasa, ki dafa saman da yatsunki, ki juya a hankali. Gefe na biyu ya fi sauri, minti biyu zuwa uku, saboda kaskon ya ƙara ɗaukar zafi. A nan ne za ki ɗan danna shi da bayan cokali, dannawa mai sauƙi don ya haɗe, ba wadda za ta matso cukun waje ba.

Idan burodin ya yi ja ta gefe biyu amma cukun da saura, kada ki ƙara wuta. Ki kashe ta, ki rufe kaskon minti ɗaya, zafin da ya rage zai ƙarasa. Tsakanin kowane sanwici da na bayansa ki goge kaskon da tsumma ko takarda, don burbushin da ya rage ƙonewa yake yi ya ɓata na gaba da ɗaci. In kina da injin gasa burodi mai murfi, zai yi, sai ki rage naman don ya rufu.

Da kin sauke, kada ki kwantar da shi a faranti nan take, gumi zai jiƙa ƙasan. Ki ɗora shi a kan raga ko ki jingina shi a tsaye na minti ɗaya ko biyu, cukun ya ɗan kama, sannan ki yanka daga kusurwa zuwa kusurwa da wuƙa mai haƙora, kina ja ba dannawa ba.

In wata rana kina son irin na fale-falen nama, ki raba ɗanyen naman huɗu, ki lailaya kowanne da siffar burodin amma ya ɗan fi shi faɗi, don yana tsukewa a wuta, kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya. Gishiri a bayansa kawai za ki barbaɗa dab da sawa a kasko. In kika cuɗa gishiri a ciki kika murza, naman zai yi danƙo ya yi tauri. Minti uku zuwa huɗu kowane gefe a wuta mai ƙarfi, ki tsaga tsakiya ki tabbatar ya dahu. Ga yara dai na fi son warwatsattsen, ya fi sauƙin tabbatar da dahuwa kuma ya fi auki.

Ɗanyen tumatir, kokwamba da kabeji a gefe za ki ba su, ba a ciki ba, don ruwansu zai lalata duk wahalar da kika sha wajen tsane naman. Abinci ne mai nauyi da maiƙo, yana buƙatar abu mai ɗan tsami kusa da shi. Amurkawa da romon tumatir suke haɗa shi. Guda ɗaya ya ƙosar da babba, ƙaramin yaro rabi ya ishe shi, kuma mai hawan jini ya yi hankali da shi saboda gishirin cuku.

Ba na ba da shawarar a sa wa yara shi a kwanon makaranta. In ya huce cukun daskarewa yake yi, burodin ya yi laushi, sannan dafaffen nama bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce, ga shi a bazara garuruwanmu suna haura 40. Abin da za ki iya yi don sauƙin safiya shi ne ki soya naman da yawa, ki raba shi a ƙananan robobi. A firij mai samun wuta a kai a kai yana kwana uku zuwa huɗu, a firiza ya fi haka nesa. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki soya na ranar kawai. Ɗanyen niƙaƙƙen nama kuwa, ko a firij kada ya wuce kwana biyu, kuma ya fi kyau ranar da aka niƙa shi ranar ya shiga kasko.